Mai Batir a Ƙofar Marusa

Shekara ashirin da uku ke nan
ina ƙarƙashin rumfar kwano a Ƙofar Marusa,
ina sayar da wuta a naɗe cikin leda.
Biyu na rediyo, uku na tocila,
da ɗan ƙwaya na agogon Alhaji Sada,
wanda ba ya biya sai ya ɗana shi a harshe.

Jiya Barira ta zo, 'yar ƙanwata Kulu,
da jakar goyo, da ƙaurin dalma a yatsunta.
Ta ce, Kawu, an ba mu kuɗin.
Na ce, wane kuɗi?
Ta ce, na bincike, gwamnati ta sa hannu.
Shekara biyu takarda na yawo ofis-ofis
kamar akuyar da ta ɓata,
yau ta dawo gida da ciki.

Sai ta buɗe gwangwanin alewa.
A kan auduga ga wani abu kwance,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Wai janareta.
Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Janareta ai na san shi, na Tukur mai walda,
wanda in ya tashi, jaririn maƙwabta ma ya tashi,
ya sha fetur, ya yi tari, ya tofa mana baƙin hayaƙi.
Wannan kuwa shiru,
kamar mutum a gaban surukinsa.

Ta ce motsi ne abincinsa.
Takunka, girgizar keke, faɗuwar taɓarya a turmi,
rawar mota a hanyar Jibiya,
duk yana tsincewa yana mai da su wuta.
Ta manna shi a ƙafar teburina,
ta ce in buga. Na buga.
Wani ɗan ƙwai ya yi ja, ya mutu.
Na sake. Ya sake.
Ta ce, da saura, Kawu, da saura sosai.
Cikin goma bakwai sun ƙone a ɗakin gwaji,
kuɗin ma rabi ne ya fito,
rabi sai an ga rahoto.

Da ta tafi na zauna lissafi,
ba na riba ba.
Na leƙa kwatar da ke bayan rumfa,
inda matattun batura ke jibge
suna fitar da farin gishirin da ba na miya ba.
Damina kan kwashe shi, ban san inda take kai shi ba,
ko kuwa na sani, ban so in bi sawu ba.
Na tuna ɗan Ladidi da ya fasa ɗaya da haƙori,
leɓensa ya yi baƙi, muka kwana asibiti.
A nan aka saye shi.
Ban taɓa faɗa ba.

Amma kuma, Barira,
littafinki na farko daga teburin nan ya fito,
da kuɗin jarrabawa, da kuɗin mota zuwa makaranta,
biyu-biyu, uku-uku, ina tarawa a gwangwanin madara.
Ashe guduma nake ƙerawa
wadda za ta rushe rumfata.
To, madalla da hannun da zai riƙe ta.

Ta bar mini ɗaya cikin waɗanda suka ƙone,
na sa a aljihu, kusa da carbi.
Na san ba ya aiki.
Duk da haka, da zan tafi Magariba
sai na ji ina taka ƙasa da ƙarfi,
ko zai ji.

Yau da safe yaro ya zo da ɗari biyar a dunƙule,
wai rediyon kakarsa ya yi shiru tsakiyar labarai.
Na miƙa masa biyu.
Na ce, in sun mutu, ka dawo mini da su,
kada ka yar.